Ɗan Fari Ba Ya Cikin Jadawali

Mujallar nan ba ta son komai yadda na rubuta shi. Na gane haka ranar da na buga ƙa'idojinta a takarda, na zauna da jan biro a ɗakin hutun ma'aikata na asibitin da nake aiki a Ƙaura Namoda. Tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ake sawa a farkon maƙala, sun yanka masa adadin kalmomi, nawa kuwa ya ninka. Sun ce a bar tazara mai faɗi tsakanin layi da layi, a sa wa kowane layi lamba a gefe. Manazarta a jera su bisa yadda suka fito a cikin rubutu, ni da na ɓata mako guda ina jera su bisa haruffa. Kowane jadawali ya tsaya a shafinsa shi kaɗai. A cire sunan marubuci daga ko'ina, don kada masu dubawa su san aikin wane ne. Kuma ranar Juma'a ta sama za su rufe karɓar maƙalu na fitowar da suka ware wa lafiyar uwaye a karkara.

Ni ungozoma ce, ba marubuciya ba. Amma ƙarin girma ya tsallake ni har sau biyu, kowane lokaci amsar ɗaya ce: ina abin da kika wallafa? Yaran da na koya wa riƙe almakashi sun zama shugabannina. Ban ɓoye wa kowa ba cewa abin yana cina. Shi ya sa na kwashe damina biyu ina hawa bayan ɗan kabu-kabu, ina bin ƙauyukan da ke tsakanin Dauran da Zurmi da takardun tambayoyi a jaka. Tambayoyin ba su da wuya. Yaushe aka yi miki aure? Lissafo min 'ya'yan da kika haifa daga babba zuwa ƙarami, da sunansu, da shekarunsu, da mai rai da wanda ya rasu. Takardun sun cika kwalin taliya biyu, suna ƙarƙashin gadona har yau.

Da muka zuba amsoshin a kwamfuta, wani abu ya fito fili. Mata da yawa sun daɗe ƙwarai bayan aure kafin su yi haihuwar fari, fiye da duk abin da na karanta game da wasu wurare. Abokin aikina a kan maƙalar, wani malamin ƙididdiga da kowa ke kira Dokta, har tafi ya yi. Ya ce, "Hajiya, wannan shi ne zuciyar aikinki, mujalla ba za ta iya kau da kai ba." Na gina komai a kai. Na kawo maganar ƙarancin abinci, na kawo ciwon sanyi da ba a magancewa, na ba da shawarar a riƙa duba sabbin amare. Jadawali na uku, mai nuna wannan tazara, na fi alfahari da shi fiye da kayan ɗakina.

Tsara takardar ya fi ƙarfina, sai na kai wa wata mata mai shagon kwamfuta kusa da ƙofar kwaleji. Kirista ce daga wajen Filato, ta daɗe a Ƙaura har 'ya'yanta sun fi ta jin Hausa. Madam muke ce mata. Hannunta na da sauri, bakinta ya fi hannun sauri. Kwana uku ina zuwa bayan na tashi aiki, muna fama da jannareto mai mutuwa ana tsakiyar aiki, muna datse tsakure kalma bayan kalma. Duk jimlar da na ce ba za ta fita ba, sai ta ce, "Sista, mutanen nan ba su san wahalan da kin sha ba, lissafi kawai suna yi." Sai ta goge, ni kuwa in yi tsaki in kau da kai.

Ranar Litinin muka zo kan jadawali na uku. Mujallar ba ta son layukan tsaye a jadawali, na kwance kawai take so, don haka Madam ta shiga cire su ɗaya bayan ɗaya. Can sai hannunta ya tsaya.

"Sista, wannan fa? Wato matan ƙauye suna jira haka kafin haihuwa?"

Na ce haka bincike ya nuna.

"To ni dai tun da na zo garin nan, amarya wanda na ci shinkafan bikinta, kafin shekara biyu ina cin na suna. Ko kun ƙirga wanda ba a faɗa?"

"Wane ne ba a faɗa?"

"Na farko ɗin mana. Maƙwabciyana, shekara nawa ina ganin wani saurayi yana shiga gidanta, ba ta kiran shi, ba ta kallon shi. Na ɗauka ƙanin mijinta ne. Sai ranan auren shi na ji wai ita ta haife shi."

Raina ya ɓaci nan take, kuma na san ba don ta yi ƙarya ba ne. Na ce mata ta tsaya kan layukanta, ba a kawo mata aikin don ta yi sharhi ba. Na ce wannan kunyar ɗan fari al'adar da ce, ta kakanninmu. Ni da take gani 'yar fari ce, kuma mahaifiyata tana kiran sunana da ƙarfi har maƙwabta su ji. Madam ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da gogewa. Ni Bahaushiya, ungozoma, a ce baƙuwa ce za ta tuna min abin da ke cikin gidanmu? Na biya ta na fita ko sallama ban yi ba.

Washegari ranar rigakafi ce, mata sun cika rumfar asibiti. A cikinsu na hango wata da na sani. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Dauran, na taɓa zama a tabarmarta na cika mata takarda, ta ba ni fura da nono mai kyau. Yanzu ƙauyen babu kowa. Mutanen daji, wato 'yan bindiga, sun tashe su, suna zaune a wani kango a bakin gari. Ta rame, amma ta gane ni. Bayan mun gaisa na yi mata jaje, sai na lura da wata budurwa a bayanta, doguwa, goye da jaririn da aka kawo allura. Na tuna takardarta sarai, domin duk 'ya'yan da ta lissafa min maza ne, har muka yi raha a kai.

Na ce, "Wagga ɗiya fa, ta wa ta?"

Ta dubi ƙasa. "Ta nan gidan ta."

"Ɗiyar mijinki?"

Budurwar ce ta yi murmushi ta ce, "Inna ta ta, Malama. Wurin kaka niy tashi, sai da munka yi gudu munka haɗu wuri guda."

Na ja matar gefe, ina ƙoƙarin danne muryata. Na ce mata ai na tambaye ta duk 'ya'yan da ta haifa, don me ta ɓoye min?

Ta dube ni da mamaki na gaskiya, kamar ni ce na yi abin kunya. "Malama, ke kinka ce in hwaɗi sunansu daga babba. Gaban uwar mijina. Ƙaƙa za ni kama sunan wagga? Na aza kin sani, ai ke ma ɗiyar Hausa ta."

Na koma na yi wa jaririn allura. Laifin ba nata ba ne. Ni na tsara takardar, ni na sa gurbin suna, ni na ce a fara daga babba, ni na riƙa yin tambaya a tsakar gida gaban surukai don in yi sauri in kama hanya kafin la'asar. Da hannuna na rufe wa 'ya'yan fari ƙofa, sannan na dawo ina tafi wai na gano abin da ba wanda ya gano.

Da yamma na sami Dokta a ofishinsa na zayyana masa komai. Ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, amma shi ma yana da nasa ƙarin girman da yake jira. Ya ce mace ɗaya ba ta rushe bincike. Na ce ba mu san su nawa ba ne. Ya ce to a ƙara wa kowace ɗa guda. Na ce wasu sun faɗa, wasu ba su faɗa ba, ta ina zan bambance? Ya ce a koma a sake tambaya, sai shi da kansa ya janye maganar, domin ya san hanyar nan ba ta biyuwa yanzu, kuma matan sun watse, wasu Ƙaura, wasu Gusau, wasu sai Allah.

Daga nan ya kawo shawarar da na san za ta zo. Kowace maƙala tana da sashe kusa da ƙarshe inda marubuci ke faɗin raunin aikinsa. Ya ce mu sa jimla ɗaya a can, cewa mai yiwuwa al'ada ta shafi wasu amsoshi kaɗan. "Masu dubawa suna son irin wannan tawali'u, Hajiya. Kuma ba ƙarya kika yi ba." Na ce kalmar kaɗan ɗin nan fa, wa ya ƙirga? Ya ce ni ma ai na faɗa da bakina cewa al'adar tana mutuwa, tun da mahaifiyata ba ta yi. Na kama wannan magana da hannu biyu, saboda ita kaɗai ta rage min.

Akwai wata takarda da mujallar ke so a haɗa da maƙala, wadda marubuci zai sa hannu cewa abin da ya kawo gaskiya ne iyakar saninsa. Madam ta riga ta buga min ita. Na yi ta juya ta a jaka ranar Laraba, na fito da biro na mayar ya fi a ƙirga. Daga ƙarshe na yanke shawarar da ni kaina na san ta yara ce. Na ce zan je Shinkafi in yi wa Inna, mahaifiyata, tambayoyin nan daidai yadda na yi wa matan ƙauye. Tsohuwa ce, a ƙauye ta tashi, ba ta yi boko ba. In har ita ta lissafa ɗan farinta ba gargada, to zan yarda cewa masu ɓoyewa kaɗan ne, in sa hannu in aika.

Ranar Alhamis da hantsi na shiga mota. Tafiyar Ƙaura zuwa Shinkafi a 'yan shekarun nan ba a yin hira a cikinta. Direba ya jira sai da motoci suka taru aka tafi a jere, kowa yana jan carbi yana kallon daji. Gero ya yi kai a gonakin bakin hanya, can ciki kuwa ciyawa ta cinye gonakin da ba a nome ba. Na yi ta zagin kaina a zuci. Mace da 'ya'ya a gida ta sa ranta a wannan hanya saboda jadawali.

Na iske Inna a inuwar rumbu tana tsince wake a faifai. Tun daga zaure ta ji muryata, ta ƙwala min kira da sunana kamar yadda ta saba, har da ɗan jan ƙarshensa. Ta yi min faɗan zuwa ba sanarwa, ta ce na rame, ta ce boko zai ƙarasa ni. Bayan na yi azahar na ci tuwo, na fito da sabuwar takarda na ce aikin asibiti ne, ta taimake ni.

"Inna, lissaho min ɗiyan da kinka haihwa, daga babba."

Ta yi dariya ta ce yau kuma ni za a gaya wa 'yan'uwana? Sai ta fara. Sunana ta fara kamawa, ba ta ko tsaya ba. Na rubuta shi a layi na ɗaya. Ta bi da ƙanena, da wanda ya rasu yana rarrafe, da tagwaye, har auta. Na ce alhamdu lillahi a fili. Har na fara lissafin motar da zan bi da sassafe in isa shagon Madam kafin a tafi masallaci.

Daɗi ne ya sa bakina ya ƙi rufuwa. Na shiga ba ta labarin matar Dauran da budurwarta, ina dariya, ina cewa mutanen ƙauye sai a hankali. Na ce, "Ke kam Inna kin waye tun dauri. Ga ni ɗiyar hwari, kuma kullum sunana na bakinki."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ba ta ɗago ba. Ta daɗe haka, har kaza ta zo tana tsattsagar gefen faifan ba ta kore ta ba.

"In da ke at ta hwari," in ji ta, "da kin taɓa jin sunanki ga bakina?"

Na ce, "Inna?"

Ta kori kazar. Ta ce rana ta yi, a kawo mata ruwan alwala.

Shekaruna sun haura arba'in a lokacin. Na karɓi haihuwar da ba zan iya ƙirgawa ba, na rufe idon jarirai da hannuna, na zauna da uwayensu. Amma ban taɓa sanin akwai wani a gabana ba. Mahaifinmu ya rasu bai faɗa ba, goggonnina ba wadda ta taɓa kuskuren baki. Na bi ta da buta ina tambaya, namiji ne ko mace, ya yi kwana nawa, an raɗa suna? Ta karɓi butar ta ce, "Bari." Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Na ga bayan wuyanta yana rawa, sai na bari. Na koma inuwar rumbu na zauna na yi kuka, ban san ko na wanda ban sani ba nake yi, ko na Inna da ta riƙe shi ita kaɗai tsawon rayuwata, ko na damina biyu da suka tafi a banza. Ina jin duka ne.

Da safe na dawo Ƙaura. Na wuce shagon Madam kai tsaye. Ta riga ta gama komai: layuka da lambobinsu, manazarta a jere, tsakure daidai adadi, sunana a goge daga kowane shafi. Ban taɓa ganin aikina ya yi kyau haka ba. Ta buɗe shafin mujallar ta ce sabis yana da kyau yau, in kawo takardar sa hannu mu tura. Na ce mata ba za a tura ba. Na kuma ba ta haƙuri kan abin da na yi mata ranar Litinin, na ce ita ce da gaskiya. Ba ta yi min dariya ba, Allah ya saka mata. Ta kwafe min aikin a filas ɗin kwamfuta, ta tura min kujera ta ce in zauna in huta.

Dokta ya yi fushi, ya yi wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya ce a cire jadawali na uku a tura sauran, amma sauran duka a kansa suke tsaye, har lissafin yaran da suka rasu, domin wadda ba ta kama sunan ɗan fari mai rai ba, ba za ta kama na matacce ba. Ƙarin girma ya sake tsallake ni a karo na uku, kuma ba zan yi ƙaryar cewa bai yi min zafi ba. Na sake tsara takardar tambayoyin. Na cire gurbin suna, na daina tambaya gaban surukai, na ƙara tambayar da ake yi wa kaka ko maƙwabciya a gefe. Ina cika su sannu a hankali a rumfar asibiti da kangayen bakin gari, duk wadda Allah ya kawo. Ban san ko za su taɓa isa maƙala ba.

Takardar Inna ba ta shiga kwali ba, tana cikin jakata. Na soke sunana daga layi na ɗaya na mayar da shi na biyu. Layin farko ban rubuta komai ba, ba suna, ba shekara, ba namiji ko mace, kuma ban sake tambayarta ba. Tana kirana a waya duk Juma'a in sabis ya yarda. Da na ɗauka sai ta ƙwala min sunana da ƙarfi, har da jan ƙarshen nan nata. Da can dariya nake yi in ce Inna za ki fasa min kunne. Yanzu sai na ɗan yi shiru kafin in iya cewa na'am.